Kangon Haliru

Ranar da dutsen farko ya faɗo, Inna Saratu tana tsugune gaban murhun banda tana juya tarwaɗa, hayaƙi ya cika mata ido. Rana ta riga ta nutse a bayan tafki, kaji sun shige akurki, ladanin masallacin bayan kasuwar Yelwa yana gyaran murya. Sai kwanon ɗaki ya yi ƙara, abu ya gangaro a hankali ya faɗi kusa da ƙafarta. Ta ɗauka. Dutse ne ɗan madaidaici, jiƙe sharkaf, da gansakuka a jikinsa, yana warin ƙasan ruwa, alhali an kwana biyu ko yayyafi ba a yi ba.

Mijinta Mainasara ya fita da sanda. Mutum ne da ba ya buƙatar dalili kafin ya yi faɗa, balle yau da ya samu. Ya zagaya gidan bai ga ko akuya ba, amma duk da haka sai da ya zagi 'ya'yan maƙwabta da iyayensu. Yana dawowa dutse na biyu ya faɗi, wannan karon a cikin ɗakin Haliru, wanda ƙofarsa ke kulle tun damina.

Haliru shi ne babban ɗansu. Jirgin fito mai inji yake tuƙawa tsakanin Yelwa da Warra, har ranar da jirgin ya daki kututturen itace a ƙarƙashin ruwa ya kife. An ceto wasu, an tsamo gawar wasu, shi ruwa bai mayar da shi ba. Inna Saratu ta ƙi karɓar gaisuwa. Ba a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan ba, kuma matar da ta yi kuskuren cewa Allah ya jiƙansa sai da ta fita ba mayafi. A gidan cewa ake yi ya yi tafiya. Duk da haka Inna ta riƙe dokar da ta gada wajen iyayenta Sarkawa, masunta: wanda ruwa bai dawo da shi ba, ba a kiran sunansa da magariba, don ba a san wanda zai amsa ba. Yadda ta haɗa wannan doka da maganar tafiya, ita kaɗai ta sani, kuma ba wanda ya isa ya tambaye ta.

'Ya'ya biyu suka rage mata: Mansura, budurwa mai koyon ɗinki, da Mustapha, wanda ke da rumfar caji da gyaran waya a bakin tasha. Mustapha yana da wata tsohuwar kwamfuta da ya fi so a kan abinci. A cikinta ya ajiye wani wasa na yaƙi da fatauci, irin wanda kowa ke ƙera jaruminsa, ya ba shi suna da riga da makami, ya yi ta yawo da shi gari gari. Samarin Yelwa da Warra har da na Shanga suna shiga ta wayoyinsu, amma duniyar wasan tana cikin kwamfutarsa. Ubansa yana kiran abin shashanci, kuma ba kullum ne ya yi kuskure ba.

Gwanintar Mustapha ita ce shiga hanjin wasan ya sauya shi. Idan yaro ya daina wasa, ko ya sayar da waya, ko ya tafi makaranta Kontagora, ko aure ya ɗauke masa hankali, jaruminsa sai ya zauna ba amfani. Mustapha ba ya son asara. Sai ya ɗauko jarumin ya cire shi daga hannun mai shi, ya tsayar da shi a kasuwar wasan yana sayar da kibau, ko a ƙofar gari yana gadi, ya sa masa 'yan kalmomin da zai riƙa maimaitawa ga duk wanda ya taɓa shi. Samarin suna kiran irin waɗannan 'yan tsaye. Don kada su ɓace daga inda ya ajiye su, yakan cire musu zama da kwanciya da tafiya, ya bar musu tsayuwa da aiki kawai.

Haliru ma yana da jarumi, mai sunansa, mai jar hula. Bayan hatsarin, Mustapha ya daɗe yana kallonsa a allo. Kewar wansa ta dame shi, kuma a gidan da aka hana kuka ba shi da inda zai kai ta. Sai ya ɗauki jarumin ya kai shi mashigin kogin da ke tsakiyar wasan, ya ba shi jirgi da filafili, ya mai da shi mai fito. Ya yanko muryar Haliru daga tsofaffin saƙonnin waya ya manna masa. Duk mai son ƙetare kogi dole ya kira sunan, mai fito ya ce, “Na'am. Shigo a hankali, ruwa ya cika.” Samarin suka ce abin ya yi kyau. Su kuwa ba sa samun sukunin wasa sai an tashi daga kasuwa, wato da magariba.

Jifan bai tsaya ba. Kullum rana ta faɗi sai duwatsu su fara, wani lokaci jefi-jefi, wani lokaci a jere, dukansu a jiƙe. Daga baya murya ta shigo. Ana cikin alwala sai a ji “Na'am” daga ɗakin da ke kulle, ko daga cikin randa, a hankali, yadda mai aiki ke amsawa ba tare da ya ɗago kai ba. Unguwa ta ɗauka. Aka ce Mainasara ya ba ruwa ɗansa don kasuwar kifi ta buɗe masa, yanzu kuma an zo karɓar ciko. Masu sarin banda suka koma wajen wasu. Matan da Inna ta kora ranar gaisuwa suka samu abin da suke jira, suna wucewa ta ƙofar gidan suna tofar da yawu.

Sannan abin ya sauka kan Mansura. Wata magariba tana ɗauke da tiren tuwo, sai ta sake shi ya tarwatse. Ta miƙe ƙyam, ta taka zuwa zaure, ta tsaya tana fuskantar tafki, hannuwanta suna tuƙa filafilin da babu shi. Inna ta dafa ta. Yarinyar ta buɗe baki, muryar Haliru ta fito: “Na'am. Shigo a hankali, ruwa ya cika.”

Ba ta zama. Maza biyu sun kama ta su lanƙwasa mata gwiwa sun kasa. Haka take tsayawa har bayan isha'i, sannan ta faɗi, da safe ba ta tuna komai. Ƙafafunta suka kumbura, tafin hannunta ya yi bororo ya fashe ya yi kanta, ita da allura kaɗai ta sani. Kuma kowace magariba wurin tsayuwarta yana matsawa. Daga zaure ta koma bakin titi, daga nan gindin mangwaron tasha. Ranar da masunta suka dawo da ita, a cikin ruwa suka same ta, ya kai mata gwiwa.

Mustapha ya gane tun kafin nan. An yi wata rana da sabis ya ɗauke a Yauri gaba ɗaya, ba wanda ya shiga wasa, kuma ranar ko tsakuwa ba ta faɗo ba. Washegari ya zauna da kwamfutar a cinya yana kallo: yaro ya kira mai fito a allo, dutse ya faɗi a kwano. Ya gwada kashe kwamfutar, abin ya fi muni, don ranar Mansura ihu ta yi ta yi tana cewa an rufe ta a duhu, har sai da ya kunna. Abin da ya rage shi ne ya goge mai fiton. Amma wayar Haliru tana ƙasan tafki, tsohuwar wayarsa shi ma ta mutu da saƙonnin a ciki, kuma a duk duniya ba inda muryar ta rage sai nan. Bai gaya wa kowa ba. Tsoro ne da son kai, ba wani suna da za a ba shi.

Mainasara ya gaji da masu turare da masu rubutu, ya aika Ngaski aka ɗauko Malam Yusha'u. Da la'asar ɗan kabu-kabu ya sauke shi daga babur, tsoho siriri mai gajeren haƙuri. Aka kawo masa fura ya ce ba ci ya zo yi ba. Ya duba duwatsun da aka tara a kusurwa, ya shinshina ɗaya, ya sa aka ɗaure wa Mansura zani a kugu aka ba ubanta ya riƙe. Sannan ya zauna yana jan carbi, yana jiran rana ta faɗi.

Hayaƙin banda ya kwanta ƙasa ƙasa, jemagu suka fara fita daga mangwaro. Dutse ya faɗi. Mansura ta miƙe, hannuwanta suka kama tuƙi. Malam ya matso kusa da kunnenta ya fara karatu, bai ɗaga murya ba, bai yi sauri ba. Tun tana tuƙi daidai har tuƙin ya rikice, jikinta ya ɗauki rawa, gumi ya jiƙa mata riga.

“Kai wane na?” in ji Malam.

“Haliru na.”

Inna ta yunƙuro, ya ɗaga mata hannu. “Ƙarya kakai. Wanda yat tahi ba shi dawowa shi hau ɗiyar mutane.” Ya ci gaba da karatu, har yarinyar ta yi wani gurnani, muryar ta sauya ta koma ta wani tsoho, a shaƙe, cike da ƙiyayya.

Aljani ne. Ya ce gidansa wata tsamiya ce a tsohon gari, tun kafin a tare kogi ruwa ya cinye garin da tsamiyar. Tun sannan yake gararamba a bakin tafki ba matsuguni. Sai ya fara jin ana kiran suna da magariba, ana ta kira daga Yelwa, daga Warra, daga Shanga, abin da mutanen ruwa ba su taɓa yi ba. Ya bi kiran.

“Nit tarar da jiki, da riga, da jirgi, da suna, babu mai gida. Kango na, Malam. Kango kau namu na, kai ma ka sani.”

“Wa yag gina shi?”

Hannun Mansura ya bar tuƙi, ya nuna Mustapha, wanda ke raɓe a bakin ɗakinsa. “Tambayi magini.”

Nan Mustapha ya ɗauko kwamfutar ya buɗe, ya yi bayani yana in'ina. Malam ya duƙa ya daɗe yana kallon ɗan mutumin mai jar hula a tsaye cikin jirgi. Ya tambaya ko akwai irinsa, aka nuna masa mai kibau da mai gadi da sauran. Aljanin ya yi dariya ta bakin yarinyar, ya ce waɗancan masu su suna da rai, ƙofofinsu da makulli, shi bai taɓa su ba tukuna. Mainasara, da sai yanzu ya fahimci inda aka dosa, ya saki zanin ya kwashe Mustapha da mari, ya ɗauko taɓarya zai ragargaza kwamfutar. Aljanin ya ce ya fasa mana, in yana so a rufe shi a ciki har abada, da 'yarsa tare. Taɓaryar ta sauka a hankali.

Malam ya tambayi aljanin, tunda ya samu gida, me ya kawo shi kan yarinya.

“Gida? Nis shiga, ƙohwa tar ruhe. Wanga yaro ya cire mishi zama. Ya cire mishi kwana. Tsaye nike tun randa nis shiga, kowane ɗan banza shi kira ni in amsa, in kai shi ƙetare, in dawo in tsaya. To ni na tsaya, ƙanwarshi ma ta tsaya. Randa nig gaji, in kai ta ruwa mu huta tare.”

Malam ya ce masa ya fita, ko ya ƙona shi da ayoyin Allah. Kan Mansura ya juya a hankali zuwa wajen uwarta, aljanin ya fara ciniki da ita. Ya ce shi ba ya son barin jikin mai fiton nan, ya fi yawon bakin ruwa. A mayar masa da zama da kwanciya kawai, shi kuma zai saki yarinyar, ba jifa, ba tafiya tafki. Bakinta kaɗai zai riƙa ara da magariba, ɗan lokaci kaɗan, ya yi hira da Inna. Ba kalmomin nan na mai fito ba, duk abin da take so. Sai muryar ta yi laushi, ta zama ta Haliru sak, da 'yar dariyar da yake yi idan ya shigo gida a gajiye.

“Inna, na dawo. An rage mini romo?”

Inna Saratu ta zube a ƙasa. Ta san ba shi ba ne. Ta sani sarai, kuma sanin bai rage mata komai ba. Ta share fuska da gefen zani, ta dubi Malam, ta ce, “In da magariba ta kaɗai, Malam...”

Mainasara, mai faɗa da unguwa guda, ya sunkuyar da kai. Malam Yusha'u ya tattara carbinsa ya sa a aljihu, ya ce shi ba zai kori baƙon da matar gida ke yi wa shimfiɗa ba, ko ya kore shi gobe zai dawo. Ya ce abu ɗaya yake so ta yi kafin ya kama hanyar Ngaski, ta dubi ƙafafun ɗiyarta.

Ta duba. Sun kumbura har idon sawu ya ɓace, dugadugan sun tsage, jini da laka sun bushe a kai. Wani dutse ya faɗo, wani yaro a wani wuri ya kira mai fito, hannuwan Mansura suka koma tuƙi da kansu, bororon tafin hannunta yana tsiyayar ruwa. Inna ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙe ta tambayi Mustapha, ba tare da ta dube shi ba, wane wuri ake dannawa.

Aljanin ya koma muryarsa, ya zage ta, ya zagi mijinta da ɗanta da kakanninta masu kamun kifi. Malam ya sake kama karatu har aljanin ya yi laushi, sannan suka yi sharaɗi. Za a rushe kangon gaba ɗaya, suna da murya da jirgi, don ƙofa ta buɗe. Za a mayar da duwatsun tafki, ba a bar ko ɗaya ba. Shi kuma ya rantse da Allah ba zai sake kusantar gidan ba. Ya rantse, amma ya ƙara nasa.

“Yaro ya gina, amma ita tak ƙi ruhe ƙohwa tun hwarko. Ta hwaɗi da bakinta ina mai gidan yake.”

Mustapha ya kawo kwamfutar gabanta. Ya ce a hankali, ko za ta ji muryar Haliru sau ɗaya kafin nan. Malam ya ce a'a, ji ɗaya kira ɗaya ne, kuma an gama kira a gidan nan. Inna ta dubi jar hular a allo.

“Haliru ya rasu,” in ji ta. “Ɗana ya rasu cikin ruwa.”

Ta ɗora yatsa inda aka nuna mata ta danna. Mashigin ya zama wayam. Mansura ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake yi, gwiwoyinta suka lanƙwashe, ta zauna daɓas a kan turmi tana tambayar wa ya zubar da tuwo.

Da safe Mainasara ya ɗauki buhun duwatsu a ka ya kai tafki ya juye. Kafin ya dawo Inna ta fitar da tabarmi ta shimfiɗa a ƙofar gida. Mutane suka zo, har da masu tofar da yawu, wasu don gaisuwa, wasu don su ga ƙafafun Mansura. Ta karɓi gaisuwar kowa. Mustapha ne kaɗai ba ta yi wa magana ba, kuma ta daɗe ba ta yi ba. Wata rana haushin ginin da ya yi take ji, wata rana haushin rushewar da ya sa ta yi da hannunta, shi kuma bai taɓa sanin wanne ne ke kanta ba.

Mustapha ya bi sauran 'yan tsayen ɗaya bayan ɗaya ya sauke su, don bai manta da “tukuna” ɗin da aljanin ya faɗa ba. Kasuwar wasan ta zama fayau. Da magaribar ranar gaisuwar yana zaune a gefen tabarmar maza, wayarsa ta yi ƙara. Wani yaron Warra ne a guruf ɗin masu wasan, yana mita cewa ya zo mashigi da kaya ya yi ta kira ba a amsa ba, wai ina mai fito ya shiga, wa zai ƙetare da su.

Mustapha ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa: “Mai fito ya rasu. Kada a sake kiran shi.”

Sannan saƙonni suka fara shigowa daga Warra, daga Shanga, daga cikin Yelwa, kowa yana cewa Allah ya jiƙansa. Ya kifa wayar a kan tabarma, ya rufe fuska da hula, ya yi kukan da aka hana shi tun damina.